Yadda za ku tsara shirin taimaka ma ƙungiyoyin sa-kai da buɗaɗɗun manhajoji a Katsina

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta, musamman ku ƙannena da kuka fito daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ko Poli ta Hassan Usman, ilimin yana hannu kuma zuciya tana son a yi ma al'umma wani abu. Ƙungiyoyinmu na sa-kai, masu kula da marayu da na mata masu koyar da sana'a da na masu buƙata ta musamman da kwamitocin zakka, wallahi aiki suke tuƙuru, amma in ka shiga ofis ɗinsu za ka tarar sunayen mutanen da suke taimaka mawa suna cikin wani tsohon rajista, hotuna da rasit kuma suna cikin wayar sakatare, ranar da wayar ta ɓace ko aka sace ta shikenan aikin shekaru ya tafi.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka saki lambobin da aka rubuta ta da su, kowa yana da izinin ya sauke, ya yi aiki da ita, ya gyara, ya ba wani, babu kuɗin lasisi. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland ita ce ta fi suna, akwai LibreOffice, WordPress, QGIS da sauransu birjik. To amma saukewa da sakawa aikin yini ɗaya ne. Abin da ƙungiya take buƙata a wajenku shi ne wanda zai ɗauki waya bayan wata uku in firinta ta ƙi aiki, kuma a kan wannan ya kamata ku gina shirin gaba ɗaya. Duk mun san rijiyar burtsatsen da aka ƙaddamar da kiɗa da tafi a unguwa, famfo ya lalace babu mai gyara, mutane suka koma wajen 'yan ga-ruwa. Kar shirinku ya zama haka don Allah.

Ku fara da zuwa ku zauna da su, laftof ɗin ku bar ta cikin jaka. Ku gaida shugaba ko Hajiya shugaba yadda ya kamata, sannan ku nemi a haɗa ku da wanda yake ainihin aikin rubuce-rubuce, galibi wani matashi ne ko wata baiwar Allah da ba a ma cika gabatar da ita ba. Ku tambaye su wane aiki ne yake cinye masu lokaci duk ƙarshen wata, wa suke kai ma rahoto kuma a wane irin tsari yake son shi, kwamfuta nawa gare su kuma nawa ke tashi, awa nawa suke samun wutar KEDCO, wa ke riƙe da lambar sirrin imel ɗin ƙungiya. Wannan tambayar ta ƙarshe kar ku manta da ita, sau da yawa amsar ita ce wani da ya bar ƙungiyar tun tuni. Ƙungiya uku zuwa biyar ta ishe ku a zagayen farko, kuma ina ba da shawara a samu aƙalla ɗaya a wajen birni, Daura ko Mani ko Dutsin-Ma, don ku san tun da wuri nawa kuɗin mota da lokacin tafiya za su ci maku.

Bayan nan ku taƙaita abin da za ku yi. Ni a ganina abu uku sun wadatar a shekarar farko: tattara bayanai da waya, gyara kwamfutocin ofis, da ajiyar kwafin bayanai. Shafin intanet kowa shi zai fara roƙo, amma ku yi haƙuri ku jinkirta shi, ƙungiyar da ba ta da mai rubuta labarin aikinta shafin zai zauna shekara biyu da hoton ranar buɗewa.

A wajen tattara bayanai KoboToolbox ce za ta fi ba su mamaki. An faro ta ne daga cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard a Amurka, tana da tsarin kyauta ga ƙungiyoyin da ba na riba ba duk da cewa akwai iyakar adadin fom da za a tura a wata. Za ku tsara fom a kwamfuta, tambayoyin ku rubuta su da Hausa, a saka KoboCollect, manhajarta ta waya, a wayar Android, ma'aikaci ya shiga ƙauye ya cike fom hamsin babu sabis ko kaɗan, in ya dawo inda akwai netwok ya tura gaba ɗaya. Mu Katsinawa ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan amfanin wannan, a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 cikin 34 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, duk aikin da ya dogara da intanet kai tsaye a wuraren nan tsayawa ya yi. Abu ɗaya dai, kar ku cika fom da tambayoyi. Duk tambayar da ba su san abin da za su yi da amsarta ba ku cire ta, kuma ku gwada fom ɗin da mutane goma na gaske kafin a fita da shi, a nan za ku gane cewa tambayar "shekarunki nawa" tana buƙatar wajen rubuta kimanin shekaru, don tsohuwa da yawa ba ta da takardar haihuwa.

Maganar kwamfutocin ofis tana buƙatar hankali sosai. Microsoft ta daina tura gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin laftof 'yan gwanjo da ƙungiyoyinmu ke amfani da su ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ga kuma manhajojin sata cike da bairos. Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, za su iya raya irin waɗannan na'urori, wadda ta tsufa sosai a saka mata Lubuntu mara nauyi, kuma ku zaɓi fitowar LTS wadda a Ubuntu ake ba ta gyaran tsaro na shekara biyar. Amma kar ku goge ma kowa Windows ɗinshi a rana ɗaya. Ku fara kwashe fayilolinsu zuwa wani faifai, ku tada Linux daga filashi ba tare da kun saka ba, ku gwada firinta da sikana da wayafai a gabansu. In mai ba su tallafi yana turo fom ɗin Excel mai dabaru a ciki, ku buɗe shi a LibreOffice, wadda ke maye gurbin Word da Excel, ku duba layi-layi, in ya wargaje to ku bar masu kwamfuta ɗaya da Windows mai lasisi, babu laifi ko kaɗan a cikin hakan, rahoton da aka ƙi karɓa zai iya jawo masu asarar tallafin shekara guda. Wasu ma LibreOffice da Firefox kawai za ku saka masu a kan Windows su saba tukuna.

Na san akwai masu ƙaiƙayin kafa saba (server) tasu, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai sauran na'urori su riƙa ɗauka daga gare ta, a saka Nextcloud don ajiyar fayiloli, a saka CiviCRM don lissafin mambobi da masu ba da gudummawa. Manhajoji ne masu kyau ƙwarai, amma saba tana son sabuntawa a kai a kai, hayarta a waje da dala ake biya, in kuma a ofis za ku ajiye ta sai da sola da batir mai ƙarfi. Ku bari sai kuna da mutum biyu da suka iya kula da ita kuma kuɗin shekara guda yana ƙasa. Kafin nan faifan ajiya guda biyu sun isa, a kwafe duk ranar Alhamis, ɗaya a ofis ɗaya a gidan ma'aji, kuma duk wata uku ku gwada dawo da fayil daga ciki don ku tabbatar yana buɗewa.

Yanzu amana, wadda ta fi komai nauyi a wajena. Bayanan da za ku taɓa na marayu ne da zawarawa da marasa lafiya da mutanen da suka baro garuruwansu a yankin Batsari ko Jibiya ko Safana saboda hari. Sunan mutum da ƙauyensu da lambar wayarshi da cewa an ba shi kuɗi ranar kaza, in ya faɗa hannun mugu rai ne a ciki. Akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa ma hannu a Yunin 2023, hukumar NDPC ce ke kula da ita, kuma ƙungiyoyin sa-kai ma ta hau kansu. A nemi yardar mutum da harshen da yake ji kafin a ɗauki bayaninshi ko hotonshi. A sa ma faifan ajiya makulli da VeraCrypt, lambobin sirri a ajiye su a KeePassXC maimakon bayan kalanda. Kowane ɗan shirinku ya sa hannu a takardar cewa abin da ya gani ba zai fita ba, kuma a hana tura jerin sunaye a guruf ɗin WhatsApp, wannan ɗabi'ar ta yi yawa a cikinmu.

Duk asusun da za a buɗe, na Kobo ne ko imel ko adireshin shafi na .org.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, a buɗe shi da sunan ƙungiyar da imel ɗinta, ba da naku ba.

Kuɗi kuma ku zauna ku rubuta su da gaskiya: kuɗin mota, data, filashi da faifai, ɗan alawus na masu zuwa gyara. Ina goyon bayan a sa ma kowace ƙungiya ɗan abin da za ta riƙa biya duk wata ko da kuɗin Keke Napep ne, saboda wanda ya biya yana kira in abu ya lalace, yana kuma turo mutanenshi horo a kan lokaci. In kuna son neman tallafi da sunan shirin sai kun yi rajista da CAC a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020, banki kuma zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, amma ba dole ku fara da wannan ba, za ku iya raɓawa da wata ƙungiya mai rajista har ku ga shirin ya tsaya da ƙafarshi.

Masu aiki za ku samu cikin ɗaliban SIWES, wato masu zuwa koyon aiki daga makaranta, da 'yan bautar ƙasa, suna da kuzari ma sha Allah, sai dai ɗalibi 'yan watanni zai yi ya koma makaranta, ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya ya tafi. Saboda haka duk gyaran da aka yi a rubuta shi a fayil guda, ranar kaza, ƙungiya kaza, matsala kaza, ga yadda aka warware, wanda ya zo baya ya karanta. A kowace ƙungiya ku horar da mutum biyu, kuma in ta mata ce ku tabbatar mace ce za ta je koyarwar, sun fi sakin jiki su yi tambaya. Horon ya zama awa biyu-biyu a kan aikinsu na gaske da kwamfutarsu, ku bi shi da gajeren bidiyo na Hausa minti biyu ko uku da za su ajiye a waya. Ku tsayar da rana ɗaya a sati ta zagaye, ku faɗa masu cikin awa nawa za ku amsa kira, kuma ku faɗi abin da za ku iya cikawa.

Bayan wata shida ku koma ku ce ma sakatare ya fitar maku da rahoton watan jiya daga Kobo a gabanku ba tare da kun taɓa linzami ba, ma'aji kuma ya ɗauko faifan gida a buɗe. Ƙungiyar da ta iya wannan sai ku rage zuwa wajenta ya koma sau ɗaya a wata, ku ɗauki sabuwa a gurbinta. Wadda ta kasa ku sake zama da su ku gano ko horon ne bai shiga ba, ko wanda aka horar ya tafi, ko kuma tun farko ba abin da suke buƙata ba ne aka saka masu, in haka ne a cire a koma kan tambayoyin farko.