Yadda Ake Ɗora Windows 7 a Kan Kwamfuta Mai Sabon Furosesa

Duk yaron da na ba wannan aiki a shago, wuri ɗaya yake maƙalewa. Filash ya tashi lafiya, shafin zaɓen harshe ya fito, sai linzami da kibod su mutu murus. Nan take zai ce bod ne ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Tun daga Skylake, ƙarni na 6 na furosesan Intel da ya fito a 2015, aka cire tsohon tsarin USB na EHCI, ya rage xHCI kaɗai. Ita kuwa Windows 7 ta 2009 ce, ba ta zo da direbansa ba, wato manhajar da za ta sa ta gane xHCI, don haka duk ramin da ka soka ba ta gani.

Kafin komai shiga BIOS, ka kashe Secure Boot, ka kunna CSM, wato saitin da ke barin tsofaffin Windows su tashi. In ka duba babu CSM sam, kamar yadda yake a yawancin sababbin laftof, kada ka ɓata lokacinka, ɗora ta cikin VirtualBox kawai, manhajar da ke gudanar da wata Windows a cikin wadda ke kan kwamfutar.

Haɗa filash ɗinka da manhajar Rufus, kuma Windows 7 64-bit mai SP1 (Service Pack 1) kaɗai nake yarda a taɓa. Sauko da direban USB 3.0 daga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin. Cikin foldar sources da ke kan filash ɗin akwai fayil biyu, boot.wim da install.wim, kuma da DISM, manhajar Windows ta gyaran irin waɗannan fayiloli, za ka cusa musu direban. Shi boot.wim kashi biyu gare shi, indes 1 da indes 2, ka sa wa duka biyun. Sannan ka koma kan install.wim, ka zaɓi indes ɗin nau'in da za ka ɗora, Professional ne ko Ultimate. A nan na taɓa shan wahala. Na gyara boot.wim kaɗai, aiki ya tafi sumul har ƙarshe, kwamfuta ta sake tashi tana neman sunan mai ita, kibod ya sake mutuwa. Dole na faro daga tushe, mai kaya yana zaune yana jira. Kuma idan ka gama da kowane indes, ka rufe shi da /commit, in ba haka ba duk abin da ka cusa ya tafi a banza.

Idan bod ɗin yana da ramin PS/2, wancan zagayayyen, tsohon kibod na gwanjo zai raba ka da wahalar kibod da kuɗi kaɗan, amma filash ɗin kansa sai da direban za ta gan shi. Gigabyte da MSI da ASUS ma sun fitar da ƙananan manhajojin da ke yin cusawar da kansu.

Faifan ajiya na NVMe yana buƙatar sabuntawar Microsoft mai lamba KB2990941 a cusa ta haka nan, ko ka sa faifan SATA ka huta. Ajiye direban netwok a filash tun da wuri. A kan Kaby Lake (ƙarni na 7 na Intel) da Ryzen na AMD, Microsoft ta toshe sabuntawa tun 2017, ta kuma daina tallafa wa Windows 7 a 14 ga Janairu 2020, saboda haka kada a yi harkar banki da wannan na'ura.