Yadda ake miƙa wa kwamfonen ɗin Apache Camel kayan aikinsa daga Spring

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai a Apache Camel, manhajar Java mai kai saƙonni tsakanin manhajoji, shi ne kalmar farko ta adireshin saƙo. Idan ka rubuta from("jms:queue:oda"), wane ne "jms" ɗin, kuma wa ya gaya masa inda dillalin saƙonni (sabar da ke karɓar saƙo ta riƙe shi a layi) yake? Ranar da na gane amsar, rabin wahalata ta ƙare.

Ga yadda abin yake. Camel yakan fara leƙa rajistarsa ya nemi abu mai wannan suna. Idan kana aiki da Spring Boot (tsarin gina manhajar Java a kan Spring), abubuwan da Spring ke riƙe da su suna cikin rajistar, waɗanda ake yi wa alamar @Bean (ni da abokan aikina "wake" muke ce musu, tunda ma'anar ke nan). Sai in bai samu ba yake komawa fayil ɗin da ke ƙarƙashin META-INF/services/org/apache/camel/component/ ya ƙirƙiro kwamfonen da kansa, wato abin da ke kula da adireshin da ya fara da wannan suna. To wanda ya ƙirƙiro bai san adireshin dillalinka, misali ActiveMQ, ba, balle kalmar sirri. Saboda haka ka riga shi: ka gina naka, ka raɗa masa sunan da ke farkon adireshin.

@Bean("jms")
JmsComponent jms(ConnectionFactory mahadi) {
  JmsComponent k = new JmsComponent();
  k.setConnectionFactory(mahadi);
  return k;
}

Lura cewa ba mu gina ConnectionFactory, mahaɗin da ke sada mu da dillali, a nan ba. Nema muka yi, Spring ya kawo. Wannan shi ne miƙa kayan aiki daga waje: tela bai saƙa yadi, kawo masa ake yi. Adireshin dillali da kalmar sirri kuwa su zauna a application.properties, kada su shiga cikin hanyar saƙo.

Sababbin fitowar Camel suna da wani sauƙi mai yaudara. Idan ConnectionFactory ɗaya tak ke rajista, Camel zai ɗauka ya haɗa da kansa ba tare da ka rubuta komai ba. Na ji daɗin wannan har ranar da muka ƙara dillali na biyu don saƙonnin biyan kuɗi. Manhajar da ke aiki lafiya jiya sai ta ƙi, tana kukan ba a ba ta connectionFactory ba. Na yi kusan yini ina zargin sabar, ashe da suka zama biyu Camel ya janye hannunsa ne, don ba ya caca. Tun daga nan nake rubuta kowane kwamfonen a fili, ko da dillali ɗaya ne.

In dillalai biyu gare ka, gina kwamfonen biyu, misali "jmsOda" da "jmsKudi", ka sa @Qualifier ya nuna wa kowanne mahaɗinsa. Hanyar sai ta zama from("jmsOda:queue:sabo").to("jmsKudi:queue:biya"). Kada dai ka sa layin ƙasa, wato _, cikin sunan. Ƙa'idar URI ba ta yarda da shi a wannan gurbi ba. Akwai kuma hanyar rubuta ?connectionFactory=#sunanWake a wutsiyar adireshi. Tana aiki, amma ni ba na sonta, domin sai ka maimaita ta a duk inda layin ya fito, kuma wata rana za ka manta wuri ɗaya.

Sai tarkon new. Ajin RouteBuilder ɗinka, inda kake rubuta hanyar saƙo, ka sa masa @Component, Spring Boot zai tsince shi da kansa. Amma in a cikin hanyar ka rubuta .process(new MaiTantancewa()), Spring bai san an haifi wannan abu ba, don haka duk abin da ka sa wa @Autowired a cikinsa zai zauna fanko, saƙon farko kuma ya faɗi da NullPointerException. Ka karɓi MaiTantancewa ta kwanstirakta na hanyar, ko ka kira shi da suna: .bean("maiTantancewa").

Wanda ba ya amfani da Spring bai rasa ba. Tun Camel 3, da ya fito a 2019, akwai @BindToRegistry na saka abu a rajista, ga kuma @BeanInject na ɗauko shi. In kana ƙaura zuwa Camel 4 na 2023, ka tanadi Java 17, kuma ConnectionFactory ɗinka ya zama na jakarta.jms, ba javax.jms ba.

Ribar duk wannan a wurin gwaji take fitowa. Tunda hanyar suna kawai ta sani, sai in yi rajistar StubComponent, kwamfonen na kwaikwayo, da sunan "jms" a saitin gwaji. Saƙonni su yi ta yawo cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ban kunna ActiveMQ ba, ban taɓa ko harafi ɗaya a hanyar ba.