Darasi: Idan Ƙofofin Iska Na Manifol Suka Maƙale

Inji ma numfashi yake yi, iska tana bi ta manifol kafin ta rabu zuwa kowace silinda. To a motoci irin su Ford Focus da Mazda 3 da Golf akwai wasu 'yan ƙofofi cikin manifol ɗin, in mota tana silo sai su ɗan rufe don iska ta shiga da gudu ta gauraya da mai sosai, in ka taka totur kuma su buɗe gaba ɗaya. Kwamfutar mota ce ke juya su, a wasu da ƙaramin moto na lantarki, a wasu da solonoyid (wato bawul na lantarki mai buɗe hanyar iska da rufe ta) da tiyon zuƙar iska.

In suka maƙale a rufe mota ba ta ja a kan gudu. In a buɗe ne za ka ji inji yana rawa a silo, ga shan mai, ga wutar cek ta kama.

Jona sikana, wato na'urar da ke karanto lambar matsala daga kwamfutar mota, a soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari. P2004 na nufin sun maƙale a buɗe, P2006 a rufe, P2008 matsalar layin wuta ce, P2015 kuma sensar da ke lura da matsayinsu. Amma ɗan'uwa lambar nan unguwa kawai ta nuna maka, ba ta nuna gidan ba, kuma wallahi abin yana damuna yadda ake sa mai mota ya sayi manifol sukutum alhali tiyo ne ya tsage.

Fara da mai araha. Kashe inji, bi tiyon da hannu ko ya bushe ko ya fita, duba soket ɗin solonoyid ko na moton ko ya yi tsatsa, duba waya ko ɓera ya ci. Ta da inji ka cire tiyon ka sa yatsa a bakinsa, ya kamata ka ji yana zuƙa. Sake kashewa ka motsa sandar ƙofofin a hankali, banda ƙarfi don yawanci roba ce, in ta ƙi motsi to sau da yawa baƙin datti ne na hayaƙi da mai ya daskare a ciki, sai a sauke manifol a wanke da maganin wanke kafireta a sa sabon gasket.

Bayan gyara goge lambar, zaga da motar ka ga ko za ta dawo.

Aiki: rubuta lambobin nan huɗu a littafinka da ma'anar kowace.