Babi na 5: Yaron da ya fara tatata

Iyaye mata 'yan ajinmu, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin a kan yaro ne mai shekara 1 zuwa 3, wanda ya bar rarrafe ya fara tatata. Duk abin da hannunsa ya kai, baki yake kai shi. Ba rashin ji ba ne, haka yara suke a wannan shekarun. Kowa ta buɗe littafin rubutu, ta ɗauki fensir. Wadda ba ta gane ba ta ɗaga hannu, duk nan koyo muka zo.

Darasi na 1: Kananzir

Mu fara da kalmar. Gaɓa uku ce: ka, nan, zir. Ku ɗora yatsa a kan kowace gaɓa, ku faɗa da ƙarfi. Kalma ta biyu gajera ce: gu, ba. GUBA. Guba ita ce abin da in ya shiga cikin mutum zai cutar da shi, ko ya kashe shi. Ku rubuta ta sau 5 da manyan baƙaƙe. In ta karkace ba komai, hannu zai saba.

A nan Kaduna, daga Rigasa har Badarawa, a gorar lemo ko gorar ruwa ake auno mana kananzir na risho da fitila. A ido ba shi da maraba da ruwa. Yaro kuwa ya san irin wannan gorar, a cikinta yake shan zoɓo da kunu. A zafin watan Maris da Afrilu, in ƙishi ya kama shi ya ga gora a gindin murhu, sha zai yi. Saboda haka ki rubuta GUBA a takarda ki liƙa a jikin gorar. Wannan rubutun don manya ne, yaron bai iya karatu ba. Shi abin da zai tsare shi, ki ɗora gorar a sama inda ko ya taka kujera ba zai kai ba, ko ki kulle ta. Ƙarƙashin gado ba maɓoya ba ce, nan ne wurin wasansa.

To, in ƙaddara ta faɗa ya sha fa? Za ki ji warin a bakinsa da rigarsa, yana tari, yana shaƙewa. Ga layi biyu, ku karanta tare da ni a hankali:

Kada a ba shi manja.
Kada a sa shi amai.

Kalmar farko ita ce "kada". Ma'anarta a bari, ba a yi. Ku ja layi a ƙarƙashinta, don na ga masu tsallake ta suna karanta "a ba shi manja", ma'ana ta juye gaba ɗaya.

Ga dalili. A wuyan mutum hanya biyu ce: ɗaya ta abinci mai zuwa ciki, ɗaya ta iska mai zuwa huhu. Kananzir ba shi da kauri, ga sulɓi. In aka sa wa yaro yatsa a maƙogwaro, ko aka ɗura masa manja ya yi amai, kananzir ɗin da ya riga ya sauka zai dawo sama ya zame cikin hanyar iska. Ɗan kaɗan da ya shiga huhu ya fi wanda ke ciki ɓarna, shi ke kawo ciwon huhu mai tsanani. Manja ba ya kashe guba. Madara ma ba ta kashewa. Ruwan gishiri kuwa wani hatsarin ne daban.

Abin yi shi ne ki cire masa rigar da ta jiƙe, ki wanke masa baki da ruwa, jiki kuma da ruwa da sabulu, ki riƙe shi a zaune, ki ɗauki gorar, ku nufi asibiti a lokacin. Cibiyar lafiya ta unguwa in ita ce kusa, ko Asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Barau Dikko, ko Gwamna Awan ga 'yan Kakuri. Ko ya koma wasa a kai shi, domin wahalar numfashi takan bayyana bayan wasu awoyi.

Mu sake. Ku rufe littafi. Yaro ya sha kananzir, za a ba shi manja? A'a. Za a sa shi amai? A'a. Madalla, kun iya.

Amma bari in faɗa muku abin da ke damuna. Ajin bara ma haka suka amsa baki ɗaya. Bayan mako guda na tambayi kowa ita kaɗai, sai ga "manja" yana fitowa daga bakin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya. Haba jama'a! Ni ba amsar aji nake nema ba, amsar ranar da hankalinki ya tashi nake nema. Wadda ta haddace don ta faranta wa Malama ta ɓata lokacinta da nawa. Ku buɗe littafi ku kwafi layukan nan biyu sau 10, ba sau 3 ba.

Na san ba ke kaɗai ce a gidan ba. Uwar miji za ta miƙo kwalbar manja, maƙwabta su cika tsakar gida, kowa da nasa maganin. Da kyakkyawar niyya suke yi, haka suka tarar. Kada ki ɗaga murya. Ki ce: "Inna, ki yi haƙuri, likita ya hana manja. Mu kai shi asibiti tukuna." Ki gaya wa maigida tun yau, kafin abin ya faru, don ya tsaya miki. Ku juya ku faɗa wa ta kusa da ku wannan maganar, ita ta zama Inna.

Dokar nan ita ce dai ga fetur ɗin janareto, da fiya-fiya na sauro, da maganin ɓera, da ruwan wanke farin kaya. Ba manja, ba amai, a tafi da mazubin don ma'aikacin lafiya ya ga abin da yaron ya sha.

Darasi na 2: Ƙuna

Ku dubi harafin farko: ƙ mai lanƙwasa a kai. Ba k ba ce. Ƙu, na.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, ruwan wanka ke ƙona yara. Ki fara zuba ruwan sanyi a baho, sannan na zafi, ki gwada da gwiwar hannu. Masu tuyar ƙosai da awara a ƙofar gida, yaro ya yi nesa da kasko.

In ya ƙone, ki yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Ki dubi agogon waya: in ya nuna 4:10, sai ya kai 4:30. Lambar bayan ɗigo biyun ita ce minti. Ban da ƙanƙara. Ban da man goge baki, da ƙwai, da toka. Manja ma ban da shi, nan ma ba wurinsa ba ne. Kada a fasa bororon da ya tashi. A rufe da ƙyalle mai tsabta a kai asibiti.

Darasi na 3: Ruwa

Yaro yakan faɗa bokiti da ka, ya kasa fitowa, kuma ba za ki ji kukansa ba. In kin gama wanki ki zubar, ki kife bokitin. Rijiya a yi mata murfi mai nauyi. A Agusta da Satumba kwatoci kan cika, Kogin Kaduna ya tumbatsa, kada a bar shi a hannun 'yar shekara 6 a ce raino.

Darasi na 4: Katin rigakafi

Allurar ƙyanda a wata 9, ta biyu a wata 15. In an rubuta 12/8 a kati, 12 rana ce, 8 wata ne, wato Agusta.

Aikin gida: ku zo da katin yaranku mu karanta. Ku ɗauke gorar kananzir daga ƙasa. Zan tambayi kowa layukan nan biyu ita kaɗai.