Ka ba burinka lokaci da wuri

'Yan uwa, wannan shawara ce ga duk wanda ya sha ƙulla niyya, bayan mako biyu ta bi ruwa.

Kada ka tsaya kan "zan riƙa karatu" kawai. Ka yanke wa abin lokaci da wuri, ka jingina shi da abin da kake yi kullum: "Da na wanke baki da safe, zan karanta shafi biyu a kan teburina." Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi bayanin wannan dabara a 1999. Amfaninta shi ne, idan lokacin ya yi, ba sai ka sake jayayya da zuciyarka ba.

Sai haƙuri. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Phillippa Lally a Landan, 2009, ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254. Tsallake rana ɗaya kuma bai rushe aikin ba. Wannan ne ya fi damuna, domin da yawa ranar farko da suka fasa suke watsar da komai. In ka fasa yau, gobe ka koma kan shafi biyunka, kada ka ce sai ka rama na jiya.