Yadda Ake Mayar da Kalmomin Turanci Zuwa Rubutun Zane na Tsohuwar Masar

Mai neman ya ga sunansa da rubutun Fir'aunoni yakan ɗauko jadawali daga intanet, ya jera A zuwa Z, kowane harafi ya ba shi tsuntsunsa ko macijinsa. Nan aka fi yin kuskure. Wannan rubutu da ake kira hiroglif, wanda Misirawa suka fara amfani da shi tun wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sauti yake kamawa, ba ruwansa da ƙa'idar rubutun Turanci. Saboda haka kunne ne zai yi maka aikin.

Matakin farko, furta kalmar da ƙarfi, ka rubuta abin da ka ji kamar yadda za ka rubuta Hausa. Turanci cike yake da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa. Kalmar "knight" haruffa 6 ce, amma abin da ke fita daga baki "nait" ne kawai. "Phone" kuwa "fon" ce. Sunan "Charlotte" ya koma "Sharlot", "George" ya koma "Jorj". Bahaushe ya samu sauƙi a nan, domin rubutunmu na boko dama abin da aka furta shi ake rubutawa.

Sai ka tace baƙaƙe ka ajiye wasula gefe. Misirawa ba sa rubuta wasali ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa karanta littafin Larabci marar wasali ya san wannan tsari: ido ya ga baƙaƙe, baki ya cike sauran. Ba abin mamaki ba ne, tunda tsohon harshen Masar da Larabci da Hausa duk dangi ɗaya suka fito, wato dangin harsunan Afirka da Asiya. To "Sharlot" ta zama sh, r, l, t.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata ka zauna sosai. A cikin ɗaruruwan alamomin rubutun akwai guda 24 ko 25 da kowace ke ɗauke da baƙi ɗaya tak, su za ka haddace. Ƙafa ita ce b, tafin hannu d, baki r. Mujiya m ce, zanen igiyar ruwa n. Maciji mai ƙaho shi ne f, gamsheƙa kuma j. Kwando mai mariƙi k, mazaunin tulu g, curin gurasa t, tafki sh. Ga ƙaramar tabarma mai kusurwa huɗu wadda ke tsaya wa p. Sautin s yana da alama biyu, ƙyalle a ninke da sakatar ƙofa, kuma an saba ba wa sakata aikin z. Igiyar dabaibayi ita ce c ɗinmu ta Hausa, wadda Bature ke rubutawa "ch". Ɗan tsako w ne. Akwai h iri-iri, amma zanen shingen gida ya ishe ka a Turanci.

Wasu sautukan babu su. Babu v, sai ka ari macijin f. Harafin x ka raba shi k da s. "Th" ka ba shi gurasa kawai. Shi kuwa l, zaki a kwance ake sa masa, kuma ba mu muka ƙirƙiro hakan ba. Lokacin da Girkawa suka mulki Masar, marubutan ƙasar sun gamu da wannan matsala wajen rubuta sunayen sarakunansu baƙi, irin su Batlamiyus da Kiliyofatara. Suka sa zaki a wurin l, igiya mai zarge a wurin o, ungulu a wurin a, ganyen kara a wurin i. Waɗannan sunaye biyu ne ma suka taimaka wa Bafaranshe Jean-François Champollion ya warware rubutun a 1822, bayan an tsinci Dutsen Rashid, wani dutse mai ɗauke da saƙo ɗaya da hiroglif da Girkanci, a 1799. Ni ina ganin wannan hanya tasu ita ce mafi aminci ga mai rubuta sunan waje, domin masu abin ne suka shimfiɗa ta.

Ke nan kana da damar mayar da wasali ɗaya ko biyu inda suna zai rikice in babu su. Kada dai ka cika. "Jorj" zai zama gamsheƙa, igiya mai zarge, baki, gamsheƙa. "Sharlot" kuma tafki, ungulu, baki, zaki, gurasa.

Mataki na huɗu, jeri. Bamisire ba ya jera alamomi reras kamar 'yan makaranta a layi. Yakan ƙiyasta ƙananan murabba'ai a zuciyarsa ya cike su. Doguwar alama irin ungulu ta tsaya ita kaɗai, masu faɗi kuma a ɗora ɗaya kan ɗaya. A sunan Sharlot, sai ka ɗora baki a saman zakin, abin ya zauna daram. Za ka iya farawa daga dama ko hagu ko daga sama, amma akwai doka guda: duk tsuntsu da dabba da mutum su fuskanci farkon layi. Mai karatu fuskokinsu yake tunkara. Idan ungulunka na kallon dama zakinka na kallon hagu, ka ɓata aikin.

A ƙarshen suna ka ƙara alamar da ba a furtawa, wadda ke nuna jinsin abin: namiji a zaune ga sunan namiji, mace a zaune ga na mace. Dogon zoben nan da ake kewaye suna da shi na sarauta ne a asali, ko da yake yau a kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira kowane baƙo ana zana masa nasa a jikin abin wuya.

Wani abu da nake so a fahimta da kyau: duk wannan ba fassara ba ce. Idan ka rubuta "life" da zaki da ungulu da ganyen kara da maciji, Turanci ka rubuta cikin rigar Masar, kuma marubucin fadar Fir'auna ba zai gane komai ba. Shi kalmarsa ta rayuwa "ankh" ce, mai alama tata ta kanta. Shi ya sa hanyar ta fi dacewa da sunaye da gajerun kalmomi. Mai son jimla sai ya koyi nahawun harshen.

In a kwamfuta za ka yi, nemi lambobin da masanin tsohon harshen Masar Alan Gardiner ya tsara wa alamomin a littafinsa na nahawu na 1927: mujiya G17, ruwa N35, baki D21, gurasa X1, zaki E23. Tsarin Unicode, wanda kwamfuta ke gane haruffa da shi, ya karɓi alamomi 1,071 a 2009, sai dai in ba ka sauke salon rubutu irin Noto Sans Egyptian Hieroglyphs ba, akwatuna fayau za ka gani. Manhajar JSesh kyauta ce, kuma ita za ta ba ka damar ɗora baki a kan zaki yadda ya kamata. Ka gama, ka rufe rubutun Turancin da hannu, ka bi alamomin ɗaya bayan ɗaya kana furtawa, ka ji ko sunan ya fito.