Yadda za ka fara bincike kan murɗaɗɗiyar ƙafar yara, ka haɗa kai da na waje

'Yan uwa ma'aikatan lopital na Garwa da Marwa har Injamena, masu cewa bincike sai mai kuɗi, toh ku fara da rajista. Kusan yaro 1 cikin 1000 ake haifa da ƙafa a murɗe, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke, amma rubutun da ake yi a kansu yawanci daga Turai da Amurka yake fitowa.

Duk yaron da ya zo ka rubuta shekarunsa, garinsu, ƙafa ɗaya ce ko biyu, sai makin Pirani, wato ma'aunin tsananin murɗewar, daga 0 zuwa 6 duk satin da aka canza filasta. A tsarin gyaran ƙafar na Ponseti, likitan jami'ar Iowa ta Amurka, filasta wajen 5 ko 6 ake yi, a ɗan yanke jijiyar dunduniya, sannan takalmi mai ƙarfe awa 23 a rana har wata 3, daga nan sai da dare har yaron ya kai shekara 4 ko 5. Nan ne fa labarin yake, don uwa tana ganin ƙafa ta miƙe shikenan ba za ka sake ganinta ba, ga kuɗin mashin ga damina ta yanke hanya ga kaka tana cewa a kai wa mai ɗori, sai ƙafar ta koma gidan jiya. Karɓi lambar waya biyu, ka kira, ka rubuta dalilin. Bature ba zai samo wannan daga ofis ɗinsa ba.

KoboToolbox, manhajar tattara bayanai a waya, kyauta ce, tana aiki ko ba intanet. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike kuwa kafin ka fara ake nema, da yardar iyaye da Fulatanci ko Larabci ko Hausa, duk wanda suke ji.

Haɗin kai yana da amfani wallahi, ku duba Yuganda, daga 1999 likitocin ƙashi Shafique Pirani da Norgrove Penny suka fara aiki da ma'aikatan ƙasar, can aka ƙera takalmi mai ƙarfe na Steenbeek mai araha. Amma dan Allah kar ka tura dosiyen yara ta WhatsApp don wani farfesa ya yi maka murmushi a taro. Ku rubuta a takarda tun farko: wa ke da bayanan, sunan wa zai zo farko, wa zai biya kuɗin bugawa, wa za a koya wa lissafin. Cire sunayen yara kafin komai ya fita. In Turanci ne matsalarka, mujallar Pan African Medical Journal na karɓar Faransanci.